Rigar Hamma a ƙarƙashin sirdi

Birkin da mai Keke Napep ya taka jiya bayan magariba, har yanzu ina jin sa a ƙirjina.

Muna dawowa daga Sangere, ashe akwai baƙin doki a gabanmu, mahayin ma cikin baƙar riga. Ba mu gan su ba sai da fitila ta haska wutsiyar. Salati kawai nake yi.

Da na sauko, sai na ga yayana ne, ya taso daga gona. Rigar nan mai ƙyalli irin ta masu aikin titi da na saya masa tana ninke a ƙarƙashin sirdi.

Na ce, "Hamma, don Allah me ya hana ka sa ta?"

Ya ce, "Dija, tun da muka gudo daga Mubi lokacin rikici ba na son a hango ni daga nesa. In na sa ta, sai in ji kamar an auna ni da bindiga."

Sai na riƙe linzamin dokin, ban saki ba har ya sa ta.

Yau ma zai bi hanyar, kuma ba na wurin. 'Yan'uwa, da wace magana ake lallashin mai irin wannan tsoron?