Hancin Inna Rupban

Inna Rupban ta shekara talatin da biyu tana aikin ungozoma a ƙauyenmu, gabas da garin Silet. Ni ma ita ta yanke min cibiya, kuma ba ta taɓa bari na manta ba. Ƙa'idarta ɗaya ce: a yanke, a shafa man girkinmu na ƙwayar mastad da toka, a ɗaure.

Da masu bincike suka kawo wani ruwan magani na cibiya, sai suka ɗauke ni aikin zagaya gidajen masu jego, ina shafawa ina rubutawa. Ita kuwa ko shayi ba su ba ta ba. Duk da haka kullum sai ta faɗo kwale-kwalena, bakinta jajir da ganyen pan da take taunawa kamar goro.

"Ke Shefali, yau ma ruwan banzan za ki kai? Abin da ba launi ba wari, me zai warkar?"

Cikin wata huɗu, a ƙauyukan maƙwabta cibiyoyi na bushewa lafiya, mu kuwa jarirai uku cibiyarsu ta kumbura, ɗaya ya rasu. Likitar aikin ta fara tambayar ko ina zuwa gidajen ma. Wallahi na ji zafi.

Wata safiya a gidan Monowara, wadda matar ɗanta ta haihu, Inna ta karɓi jaririn ta sunsuna cibiyarsa.

"An shafa mai."

"Haba Yaya, wane mai?" in ji Monowara.

"Ni za ki yi wa ƙarya? Wa ya koya miki shafa man in ba ni ba?"

Ashe da na juya baya kakanni ke bi da mai da toka, don a ganinsu cibiyar da ba a ga komai a kanta ba, ba a kula da ita ba. Kafin in dawo su goge. Muka zagaya gida goma sha ɗaya, hancin Inna ya kama tara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Likita ta sauya tsari. Tun kafin haihuwa ake zama da kakanni, Inna ce mai magana: "Ku mulke shi da mai har tafin ƙafa, amma cibiya ku bar wa yarinyar nan." Daga nan kumburin ya ɗauke.

Ranar da muka gama zagayen farko na zama da kakanni, muna tsakiyar ruwa, ta tofar da pan ɗinta.

"'Yar nan, gaya min gaskiya. Tokar ce ke kawo kumburin?"

Na ce sau da yawa ita ce.

Sai ta fara lissafa jariran da ciwon cibiya ya kashe a hannunta da yatsu, kowanne da sunan uwarsa, har goma sha huɗu. A na huɗu ne kawai ba ta faɗi sunan uwa ba.

"Na huɗun nan ni na haife shi," ta ce. "Tuƙa, akwai mai naƙuda a hayi."