Kwanon da Ya Dawo a Wanke

Duk jajiberin Sallah ina kwaɓa donot, kuma duk shekara raina yakan ɓaci tun kafin mai ya yi zafi. Yarana sun ɗauka gajiya ce ke sa ni faɗa. Na bar su a haka.

A gidan haya na tashi a unguwar Muchia da ke Sabon Gari. Ɗakinmu yana kallon na wata mata 'yar kudu, Kirista, wadda kowa ke kira Mama. Ita ta koya mini donot: a jiƙa yis da ruwan ɗumi, a murza fulawa da sukari da bota har hannu ya gaji, a rufe da zani a ajiye a rana. In ya tashi a yanka da bakin kofi, a huda tsakiya da murfin kwalba. Ni sarkin gaggawa ce, bini-bini sai na ɗaga zanin na leƙa. Sai ta buge mini hannu ta ce, "Pikin, 'yata, bar shi mana! Kwaɓi ba ya son ido."

Tsakaninta da Ummata akwai wani kwanon silba mai murfi. Ran Kirsimeti ya zo mana cike da donot, ran Sallah ya koma mata da waina da nama. Ba a taɓa mayar da kwano haka nan ba. Ko babu komai a ɗaki, sai an jefa ƙwai biyu ko lemo a ciki.

Da na yi aure aka kai ni Samaru. Kirsimetin farko, da hantsi, ina zaune da yayyen mijina biyu sai ga sallama. Mama ce, cikin kayan coci, ta hawo Keke Napep tun daga Sabon Gari da ciwon gwiwarta, kwanon a rungume. Babbar yayar ta dube ni ta taɓe baki ta ce, "Au, ke har abincin Kirsimeti kike ci?"

Babu wanda ya hana ni. Mijina ma ba ya gida, kuma da yana nan shi zai fara buɗewa. Ni ce dai, amaryar wata uku mai neman a ce ta yi. Na tare Mama a ƙofa na ce, "An gode, Mama, amma a nan gidan ba a ci."

Ta dube ni. Ta dubi kwanon. Ta ce, "To, 'yata." Ko ruwa ban ba ta ba. Matan da na yi don su kuwa, kafin azahar sun manta, suna ta hirar atamfa. Har yau in na tuna, haushin kaina nake ji, da nasu.

Da ƙaramar Sallah ta zo na ce zan gyara. Na yi donot yadda ban taɓa yi ba. Ban leƙa kwaɓin ba ko sau ɗaya. Na soya a wuta kaɗan har ya yi ja, na barbaɗa sukari, na cika sabon kwanona, na nufi Muchia.

Ta karɓe ni ba yabo ba fallasa. Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa mai sanyi, ta tambayi maigida. Kwanon silbar nan yana ƙarƙashin tebur, an zuba albasa a ciki. Ta gutsuri donot ɗaya ta tauna ta ce, "Ya tashi. Kin iya yanzu."

Na buɗe baki in ba ta haƙuri, sai ta miƙe da kwanona ta fita tsakar gida. Ina jin ta tana wanke shi. Ta goge, ta rufe, ta miƙo mini da hannu biyu, ta raka ni har bakin titi.

Sai a cikin Keke na ɗaga murfin. Babu komai. A kan teburinta kuwa, da idona na ga tiren ƙwai da lemo cike da faranti.