Yaron da aka miƙa wa Nasara

Kakana kafinta ne a unguwar Sabon Gari ta Maraɗi, kuma har ya koma ga Allah ban ga wani ɗan'uwansa ya zo gaishe shi ba. Ranar salla gidajen maƙwabta sukan cika da baƙi daga ƙauye, ana sauke zabi da ƙwaryar nono, mu kuwa sai dangin kaka mace. Tsoho ne mai zanen Gobirawa a fuska, Faransancinsa ya fi na mushe, malamin da ke koya mana boko a lakwal, kuma ba ya son tambaya. In ka ce masa, "Kaka, ina ne garinku?" sai ya miƙo maka katako ya ce ka riƙe masa.

Abin da aka sani a gida kaɗan ne. Wai yana ƙarami Nasara suka ɗauke shi daga Tibiri, suka kai shi wata makarantar koyon sana'a can nesa, inda yara ke kwana su tashi, an aske musu kai, ana koya musu aikin katako da bulala. Ya dawo da gemunsa, ya sauka Maraɗi, ya yi aure. Tibiri kuwa ga ta nan kusa, ko ɗan kabu-kabu ba ya ƙin kai ka, amma bai taɓa taka ta ba.

Babana ne ya tayar da maganar, bayan ciwon ƙafa ya kwantar da shi a gidana na unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi. Wata rana na kawo masa kunu, ya ture kofin ya ce, "Ni zan bi shi ban san gidanmu ba. Ka tahi ka nemo mani." Raina ya ɓaci, domin mutumin nan ya yi ƙarfinsa yana hawa har Kano sayen kaya bai nema ba, sai yanzu da ni kaɗai ke fama da shago. Amma na dubi ƙafafun nan, na san ba shi da lokaci mai yawa. Na ce to.

Guzurina duka sunan kakana ne da na ubansa. A Tibiri na faɗa wa tsofaffin da ke zaune bakin kasuwa, nan take suka nuna mini wani babban gida na zuriyar wani tsohon mai unguwa. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo fura. Har na fara duban hancin mutanen gidan ina neman namu a ciki.

Maigidan, wani dattijo mai ƙiba, ya saurare ni har na gama, sai ya fashe da dariya.

"Sunan ga na ubana ne," in ji shi. "Shi ko bai taɓa zuwa lakwal ba, nan ya tsuhwa, nan munka rufe shi."

Ya ba ni labarin yadda ake yi a wancan zamani. Kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, ya aiko gardi, wato dogarinsa, a ba da ɗan mai unguwa a kai shi makaranta. Wa zai miƙa wa Nasara ɗan cikinsa? Sai aka kamo ɗan wani mutum da ke yi musu noma, aka laƙaba masa sunan ɗan gida, aka ce in an tambaye shi haka zai faɗa. Yana faɗa yana tafa cinya, don a gidansu labarin wayo ne da ake ba jikoki. Ni kuwa ina zaune na gane sunan da ke kan takarduna da na ƴaƴana na aro ne. Na ajiye ƙwaryar furar. Da ba a zaurensa nake ba, da na gaya masa magana.

Da ya ga fuskata sai ya rage dariyar. Ya ce manomin nan ya mutu tun da daɗewa, gidan ya watse, amma akwai autarsu da aka kai aure Jiratawa, yana jin tana da rai.

Na same ta bayan gari, kusa da lambuna, tana zaune cikin inuwa tana tsige zogala. Idonta ya tafi, kunnen ne da saura. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ajiye ganyen ta ce, "To kai ne mijin nawa da ka makara haka? Matso in ji ka." Ban san zan yi ƙwalla ba sai da ta kama wuyan hannuna.

Ba ta taɓa ganin wan nata ba, bayan tafiyarsa aka haife ta. Abin da ta sani matan gida ne suka gaya mata. Shi ne ɗan fari, kuma kowa ya san yadda uwa take da ɗan fari a wurinmu: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai dai wata ta ɗauke shi. Ranar da gardi ya shigo, uwar tana daka a tsakar gida, surukanta duk suna tsaye. Aka ja yaron yana ihu yana kiran ta. Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da daka har aka daina jin muryarsa, har geron da ake so a surfe kawai ya zama gari, sai da aka ƙwace taɓaryar daga hannunta.

"Daga nan hwa ba ta sake ƙiba ba," in ji tsohuwar. "Ran kasuwa sai ta zamna bakin hanyar Maraɗi tana duban huskokin maza. Ba ta iya tambaya. Ta ce mi? Ta ce wa taka nema?"

Na ce, "Kaka, ba wanda ya taɓa kawo labarinsa?"

Ta ce an kawo. Wani falke ya ce ya ga kafinta a Sabon Gari mai zanen gidansu. Matan gida suka ce ta shirya a raka ta. Ta ce uwa ba ta bin ɗan fari, in shi ne ai ya san hanya. Ta share ɗaki, ta jira. Haka ta yi ta jira har ta mutu.

Na tambaye ta sunansa na yanka. Ta girgiza kai. Uban ya rasu tana goye, uwar kuma ko a ciwon ajali abin da take cewa shi ne "yaron nan".

Na dawo Maraɗi da la'asar, na zauna gefen katifar babana na kwashe masa duka. Na zaci zai yi murna ya sami gwaggo. Sai ya juya fuska bango. Can ya ce akwai ranar da suna aiki, yana saurayi, ya matsa wa tsohon da tambaya, har tsohon ya ajiye zarto ya amsa masa. Ya ce, "Na kira ta, ko waiwayowa ba ta yi ba. Mi zan koma in yi?" An ɗauke shi bai kai ya san kunya ce ba, kuma inda aka kai shi babu mai gaya masa. Babana ya ce tun ranar shi ma ya cire kakar tasa daga addu'arsa. Ni ban san wa zan ji wa haushi ba, abin ya fi ƙarfin haushi.

Da mako ya zagayo na ɗauki mota, muka tallabe shi zuwa Jiratawa. Aka zaunar da su tabarma guda, ta shafa kansa, furfura a kan furfura, suka gaisa kamar ba za su gama ba. Sannan ta yi tambayar da nake tsoro tun a hanya.

"Ɗana, ya taɓa ambaton ta?"

Babana ya dube ni. Ba mai ƙarya ba ne.

"Sau guda, Gwaggo."

Na sunkuyar da kai ina jiran ta tambayi abin da ya ce. Ba ta tambaya ba. Ta ɗaga hannuwa sama, fuskarta ta washe.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Ita ko sau guda ba ta samu ta ambace shi ba."