Motar da Wuta Ta Yi wa Yawa

A layin masu gyaran mota, tsakanin rumfar mai faci da ta mai walda, akwai wani ɗan shago da ƙofarsa ba ta rufuwa sai an tallafe ta da gwiwa. Nan ne wurin Mai Hanci. Aikinsa wutar mota: wayoyi, fitilu, batir, da altaneta, wato na'urar da ke cika batir yayin da inji ke aiki. Sunan ya same shi ne domin duk motar da aka kawo, kafin ya taɓa komai sai ya ɗaga bonet ya sunkuya ya shaƙa. A wurinsa ƙonanniyar waya da warinta, fiyus da nasa, batirin da ya tafasa kuwa ruɓaɓɓen ƙwai ne sak. Mai faci kan ce da a ce kare aka yi shi, da tuni 'yan sanda sun ɗauke shi aiki.

Ba gadon sana'ar ya yi ba. Mahaifinsa tela ne, kuma ya so ya zaunar da shi a kan keke, sai dai yaron ya fi sha'awar ɗan ƙwan fitilar da ke jikin keken a kan allura da zare. Ranar da ya kwance rediyon gidan ya mayar, har da ragowar noti a hannu kuma rediyo na magana, uban ya kama hannunsa ya kai shi gareji. Maigidan da ya koya masa aiki mutum ne mai faɗa kamar zakara, amma ya bar masa doka ɗaya da har yau bai karya ba: a auna kafin a kwance. Yanzu furfura ta fara leƙo masa a gemu, yana da mata da yara uku, da tabarau da ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da jar waya. Ba ya ɗaga murya, ba ya sauri. In mai mota ya matsa masa, sai ya ce, "Wuta ba a ganinta, ranka ya daɗe. Abin da ba ka gani kuwa, lallaba shi ake yi."

Motar da ta nemi ta kunyata shi ba ta wani babban mutum ba ce. Wata 'yar ƙarama ce ruwan toka, ta gidan surukansa. Ta ƙanin matarsa ce, wanda ya rasu bara bayan gajeriyar jinya. Tun daga lokacin tana nan a tsakar gida ƙarƙashin rumfar kwano. Surukinsa, wanda kowa ke kira Baba, tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye aiki. Shi ke wanke ta, shi ke fita da ita zuwa asibiti ko gidan 'ya'ya. Surukarsa kuwa, Inna, in za ta fita sai ta zagaya ta ɗaya gefen rumfar.

Da farko ƙwayayen fitila ne suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Mai Hanci ya ɗora mita a kan batir. In inji na aiki, lafiyayyar mota takan tsaya wajen lamba sha huɗu. Wannan da aka taka totur sai ta haura sha bakwai, fitilu suka yi fari fat. Wuta ta yi yawa. Ya canza regileta, ɗan abin da ke cikin altaneta yana taka wa wuta birki, mota ta koma daidai. Ba a daɗe ba ta dawo da ciwonta. Ya ɗora laifin a kan mai sayar da kaya, ya canza altanetar ɗungurungum. Aka kwana biyu, sai ga Baba ya sake shigowa layin a hankali, gilasai duk a sauke saboda wari.

"Ga maƙiyiyarka nan ta dawo," in ji mai faci yana dariya. "Ko dai hancin ne ya yi mura?"

Mai Hanci bai taya shi dariyar ba, domin da safen nan matarsa ta isar masa da saƙo. Batirin ya kumbura, warinsa har ɗakin Inna, kuma Inna ta ce ba za ta zauna tana jiran abin ya fashe a fuskar tsoho ba. Wannan ne gyara na ƙarshe. In ta sake lalacewa, a kira dillali ya tafi da ita.

"Baba fa, me ya ce?" ya tambaye ta.

"Me zai ce? Ɗaukar bokiti ya yi ya je yana wanke tayoyi." Ta miƙa masa shayinsa. "Maigida, in motar nan ta bar gidan, ban san inda zai riƙa tsayawa da safe ba."

Don haka ya sallami Baba a tasi, ya ja kujera gaban motar, ya fara daga farko kamar bai taɓa ganinta ba. Akwai wata siririyar waya da ke kai wa altaneta labarin ƙarfin batir. In ta yi tsatsa, altaneta sai ta ɗauka batir yunwa yake ji, ta yi ta ɗura masa. Ya bi ta daga kai har gindi, lafiya lau. Ya duba kakkaurar wayar da ke haɗa batir da jikin mota, da wadda ke haɗa inji da jiki, babu sako-sako, babu tsatsa. Ya auna a bayan altaneta, ya auna a kan batir, lamba ɗaya. Wayoyi sun fita daga zargi. Regileta ce ta sake ƙonewa, kuma ya san kaya ba sa yin baki ɗaya su lalace a mota guda. Ruwa ba ya tsami banza.

Da ya zo cire tsohon batir ne ya tsaya. Wancan karon shi da kansa ya ɗaure kawunan batirin tamau, ya shafe su da giris. Ɗaya yana nan yadda ya bar shi, ƙura ta kwanta a kan giris ɗin. Ɗayan kuwa tas, notinsa na sheƙi, gefunansa sun suɗe kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Wannan noti ya sha sifana, kuma ba tasa ba.

Ya gyara motar, ya sa sabon batir, ya mayar da ita gidan da kansa. Washegari da hantsi ya koma, da ledar lemo a hannu, wai ya zo gaisuwa. Tun daga ƙofa ya ji ƙarar inji. Baba yana gaban mota, bonet a ɗage, hula ta koma ƙeya, ga 'yar sifana a hannunsa ya riga ya ɗora ta a kan notin.

Mai Hanci bai taɓa katse surukinsa ba tun da ya auri 'yarsa. Ranar sai da ya yi sallama da ƙarfin da ya sa tsohon ya waiwayo. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ja gaisuwar har ya tambayi lafiyar maƙwabta, idonsa na kan sifana.

"Baba, wani aiki ake yi ne?"

"A'a, Injiniya, aikinka nake dubawa," in ji Baba da fara'a. "Kullum in na tada ta sai na cire kan batir. In inji bai mutu ba, to tana ba da wuta. Haka muke yi a hanya tun kana cikin zani. Kuma in gaya maka, aikinka na kyau. Ko sau ɗaya ba ta taɓa mutuwa ba, har ƙara haske take yi."

Mai Hanci ya sosa gemu. Yana iya cewa kayan zamani ne ba su da ƙwari, ya tafi da mutuncin kowa, amma motar ba za ta kai wata guda ba.

"Baba, a motocinku na da, gaskiyarku ne. Waɗannan kuwa batirin ne ke shanye wutar da ta yi yawa, kamar randa a ƙarƙashin famfo. In aka janye randar famfo na zuba, ruwan sai ya watsu. A nan regileta yake fara duka. In ta ƙone, babu mai taka wa wutar birki."

Baba ya kalli sifanar, ya kalli batirin. Ya zagaya ya kashe inji. Tsakar gidan ya yi tsit, sai motsin tukunya daga kicin.

"Wato ni ne," ya ce.

"Notin ne ya faɗa min, Baba. Ni ban ce komai ba."

Tsohon ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa.

"Marigayi ma ya sha hana ni. Sai ya ce, Baba, don Allah a bar min batir. Ni kuwa in ce masa yaushe aka haife ka." Ya ninke tsumman ya ɗora a gefen bonet. "To yanzu ta yaya zan san tana lafiya?"

Mai Hanci ya laluba aljihu ya fito da ƙaramar mitarsa ta biyu. Ya nuna masa jar waya a nan, baƙa a can, ba tare da an kwance komai ba. Baba ya sake tada mota, ya miƙa mitar nesa da ido yana karantawa.

"Sha huɗu da ɗigo biyu."

"Lafiyarta ƙalau ke nan. In kun ga ta haura sha biyar, ku kashe ku kira ni."

"In ta tsaya a nan fa?"

"Sai ku sha shayinku."

Inna ce ta fito daga kicin tana share hannu a zani. Ta amsa gaisuwar surukinta, sannan ta tsaya daga nesa da rumfar, inda ta saba tsayawa. Ashe duk ta ji.

"Ai ni na san da hannu a ciki," ta ce. "Mutumin da ya gyara min agogon bango har ya koma tafiya da baya."

"Agogon nan da ma ya tsufa," in ji Baba.

"Mu ma mun tsufa, ba mu koma da baya ba." Ta juya wajen Mai Hanci. "Ɗan nan, faɗa min gaskiya. In aka bar ta, za ta fashe?"

"In aka bar ta, Inna, ba abin da zai same ta."

Ta tsaya tana kallon motar, kallon da ta daɗe ba ta yi mata ba. Sannan ta tako har cikin rumfar, ta miƙa tafin hannu gaban mijinta. Baba ya yi kamar bai gane ba. Ta ƙara miƙawa. Ya ɗora mata sifanar a hankali, kamar mai ba da makullin gida.

"Za ta zauna wajen ludaya," ta ce. "Dillali kuma a bar shi ya huta."

Ta shiga kicin, aka ji ƙarar ƙarfe a cikin kwano. Da ta sake fitowa da mayafi a kafaɗarta ta fito, da kwandon cefane. Ta buɗe ƙofar baya ta motar ta zauna, ta ɗora kwandon a cinya, ta daɗe tana shafa kujerar gaba da yatsu.

"Malam, in ka gama karatun lambobin, kai ni kasuwa," ta ce. "Kai kuma shigo mu sauke ka a hanya. Tafi da lemonka ma yara, na san ba don gaisuwa ka zo ba."

Baba ya rufe bonet, ya gyara hula, ya sa mitar a aljihun gaba. Mai Hanci ya je ya buɗe musu ƙofar gida.