Awa Huɗun Delfina

An ce wai Delfina Archuleta ta zauce ranar jajiberin sabuwar shekara, ta cinye takardar shaidar aikinta da jan barkono, ta kora da kofi, sannan ta hau rufin asibiti tana kiran sunayen matattu. Ƙarya ce tsagwaronta. Ni taubashinta ne, a gabana aka yi komai. Delfina ko kan kujera ta taka jiri take ji, balle rufi. Takardar kuwa ba ta ci ba, takardar ce ta kusa cinye ta. Wanda ya fara yaɗa zancen rufin, kada a tambaye ni.

Shekara goma sha tara ta yi a wani ɗaki na ƙarƙashin asibitin garinmu, ɗakin da ko taga babu. Aikinta rajistar masu ciwon daji. Duk wanda likita ya ce yana da shi, fayil ɗinsa gabanta yake zuwa, ta rubuta inda ciwon ya fara, girmansa, matakin da ya kai da maganin da aka yi. Duk shekara kuma ta bi sawun mutum ta ji ko yana raye. Babanta haƙar ma'adinin yuraniyom ya yi, ciwon dajin huhu ya kashe shi, amma a takardarsa "tari" kawai aka rubuta. Tun daga nan ta rantse babu wanda zai sake mutuwa a kwarin nan ba a rubuta shi daidai ba. Mace ce da in ka tambaye ta ƙarfe nawa, sai ta duba agogo biyu.

Sana'ar tasu tana da doka: duk shekara biyu sai ka yi awa ashirin na ƙarin ilimi, ka miƙa shaida kafin Disamba ta ƙare. In ba haka ba takardarka ta mutu, kai da fayil kuma sai kallo.

Bara aka ba ta shugabancin ofis. Mutum biyu kacal ne a ƙarƙashinta, amma ta tsorata kamar an damƙa mata rundunar soja. Sai ta faɗa wa kwasa-kwasan shugabanci: yadda ake jan taro, yadda ake yi wa ma'aikaci faɗa yana godiya, yadda ake cewa a'a ba a ce a'a ba. Awa ashirin da uku ta tara. Abin har gida ya biyo ta. Ranar Kirsimeti uwarta, Gwaggo Soledad, ta ce tamale, wato alalar masara, ya yi gishiri, Delfina ta ce, "Na ji damuwarki, Mama, kuma ina daraja ta." Gwaggo ta jefe ta da ludayi.

Ranar ashirin da tara ga wata ta zauna shigar da awoyinta a kwamfuta, tana taƙama har da rara. Kwamfuta ta yi ja. Ashe awa huɗu daga ciki dole su zama na ainihin aikin, wato sababbin ƙa'idojin auna matakin ciwo. Delfina ko minti ɗaya ba ta da shi. Ta yi ta koyon jan ragama, ta manta da jakin.

Ta buga waya hukumar da ke ba su takardar, wata na'ura ta yi mata barka da sabuwar shekara, ta ce sai Janairu. Ta sake bugawa sau tara, ko na'urar za ta ji tausayi. Da ƙyar ta samo kwas na awa huɗu a intanet, da jarrabawa a ƙarshensa, kuma sau biyu kawai ake bari a gwada. Washegari ta kalla, ta amsa, ta faɗi warwas. Da tsofaffin ƙa'idojin da ta haddace ta amsa, alhali an canza su tun tana can tana koyon murmushi.

Na same ta a kicin ta kafe bango da ido, kofi ya huce a hannunta.

Na ce, "Ke, Ramona ta ofishinku ba ta yi kwas ɗin nan ba? Karɓo takardarta, mu goge suna mu sa naki. Wa zai sani?"

Ta ce, "Nestor, shekara goma sha tara ban rubuta abin da ba ya cikin fayil ba. A kaina zan fara?"

Ramona Baca ɗaya ce cikin mutum biyun nan da ke ƙarƙashin Delfina. Ta girmi Delfina, kuma kowa ya san ita ta sa rai da kujerar. Tana hutu a gidanta can kan tsauni. Da safiyar ranar ƙarshe na ɗauki Delfina a akori-kurata, dusar ƙanƙara har gwiwar raƙumi, tana ta maimaita abin da za ta faɗa.

Ramona ta buɗe ƙofa, Delfina ta gyara murya. "Ina so mu buɗe tattaunawa a kan wata dama ta ci gaban juna."

"Rufe min baki da karatun kwas ɗin nan," in ji Ramona. "Shekara guda kina yi min magana kamar na'urar amsa waya. Me ya kawo ki, yarinya?"

Delfina ta ce, "Na faɗi, Ramona. Saura gwaji ɗaya. In na sake faɗuwa, gobe ba ni da aiki. Ban san sababbin ƙa'idojin ba. Don Allah ki koya min."

Ramona ta dube ta sama da ƙasa. "Ashe bakinki na nan. Shigo, kina cika min gida da sanyi."

A teburin kicin Ramona ta ajiye dankali ta ce shi ne ƙari, ta jera wake ta ce su ne kaluluwa. Ta ture uku gefe. "Ciwo ya kama waɗannan. Mataki na nawa?" In Delfina ta kuskure, cokali a bayan hannu. Shugaba guda! Awa uku suna yi, har bayan hannun ya yi ja kamar barkonon da aka ce ta ci.

Intanet ba ya isa gidan, sai bakin coci a kan tudu. Nan cikin motata ta yi jarrabawar da la'asar, kwamfuta a cinya, yatsu sun ƙage, numfashi na hayaƙi. A tambaya ta ƙarshe ta daɗe har na zaci ta suma, ashe wake take ƙirgawa a aljihu. Maki saba'in ake nema. Ta samu saba'in da biyu. Ta kurma ihun da ya tashi tattabarun cocin, ta kifa kai a gwiwa ta yi ta kuka.

Na bari ta share hanci, sannan na ce, "Ranki ya daɗe, shugaba. Awa ashirin da uku na koyon mulki, ga shi dankali da wake ne suka cece ki. In kai wa jarida?"

Ta ce, "Kai musu. Amma shekara uku ke nan kana gudun gwajin hanjin da likita ya rubuta maka. Ranar da fayil ɗinka ya zo gabana, a wurin inda ciwo ya fara zan rubuta 'baki', kuma babu mai cewa na yi ƙarya. Ja mota."