Kwano ɗaya da surukina

Jama'a, yau na sa hannu a kwanon surukina!

Na koma wani horo da nake yi na gane mafarki tun ina cikinsa. Kullum bayan Asuba nakan koma barci. In na ga abin mamaki sai in toshe hanci, in numfashi ya wuce, mafarki ne.

Da hantsi sai ga surukina, da bai taɓa taka gidana ba, a zaure yana cin ƙosai. Na ce mafarki ne, ban ko gwada ba. Na zauna na ɗauki biyu, har da dafa kafaɗarsa.

Matata ta leƙo: "Maigida, mi kaka yi?"

Na toshe hanci. Numfashi ya ƙi.

Baba ya turo min kwanon: "Yaji ne, ɗana? Ci a hankali."