Malam Ilu Ya Tafi Gaisuwa

Duk Bahaushen da ya zauna a Kuala Lumpur cikin 'yan shekarun nan ya san filas ɗin Malam Ilu tun kafin ya san Malam Ilu. Wani kore ne, murfinsa a ɗaure da kyauro, kullum cike da shayi mai citta da kanumfari. Ana sallame Magariba zai saɓa babbar riga, ya karkata hula, ya rungumi filas kamar jaririn goye, ya nufi tashar jirgin ƙasa a unguwar Cheras. In ka tambaye shi ina zuwa, ya ce, "Gaisuwa." Gaisuwar kuwa, kowa ya sani, a gidajen giya ake yin ta.

E, gidajen giya na ce, kuma da gangan na ɗaga murya. Ranar da ya rasu, gawa ba ta ma bar asibiti ba, Ciyaman ɗin ƙungiyarmu ta ɗalibai ya rubuta a zaurenmu na waya: "Allah ya yafe masa abin da muka sani." To, ni gida ɗaya muka zauna da Malam tun ina sabon zuwa digiri na uku, shi kuma ya gama nasa yana koyar da lissafi a wata kwaleji. Ku gyara zama in karanta muku abin da kuka sani ɗin.

Malam bai taɓa kurɓar ko ɗigo ba. Amma ya san mashayun garin nan lungu-lungu, kamar ma'aikacin rigakafi, har maki yake ba su irin na malamin makaranta. "Na Bangsar kujerunsu da laushi, amma gyaɗarsu ta sha iska. Na Bukit Bintang kiɗa kamar injin markaɗe, sun faɗi. Na Cheras su ne 'yan albarka, ka ce a ba ka kofi babu komai a ciki, su kawo ba ɓacin rai." Odarsa ke nan har ya koma ga Allah: kofi babu komai. Shayi nasa, gyaɗa kyauta, sanyin na'ura kyauta. Ya ce bai ga dalilin da zai bar wa mashaya waɗannan ni'imomi su kaɗai ba.

Sau ɗaya na bi shi, wata Asabar, zuwa Bangsar. Muna dosar ƙofa na zare hulata na cusa a aljihu.

"Furofesa, mayar da hularka," in ji shi, don da wannan sunan yake tsokanata. "Wanda ya ɓoye hula shi ya zo sha."

Mai gadin ƙofa, wani ƙato mai wuya kamar turmi, ya dubi rigar, ya dubi carbin, ya tare hanya, ya yi magana irin ta 'yan ƙasar. "Pak Haji, nan fa ba masallaci ba ne lah."

"Na lura," in ji Malam. "Ba wanda ya cire takalmi."

Ƙato ya kafe, wai dokar gida sai da wando da takalmi sau-ciki. Malam bai yi musu ba. Sai ya koma gefen ƙofa, ya kwance kyauro, ya tsiyaya shayi a murfi, ya tsaya. Duk wanda ya nufo, ya yi masa cikakkiyar sallama, har da wa barakatuhu. Kai, jama'a! Ka ga mutum ya taho da saurinsa, ya ji sallama, ya ga carbi, nan take ya tuna ashe shagon magani ya fito nema. Ba a jima ba manaja ya fito da gudu yana, "Boleh, boleh, an yarda, Uncle! Shigo, ga kujera can lungu!"

Malam ya raɗa mini, "Ka ga ilimi? Da asarar tana waje, yanzu sun shigo da ita da hannunsu."

A ciki na gane mene ne gaisuwar. Yaranmu ne, 'yan digirin farko, waɗanda iyaye suka sayar da fili suka turo, suka tarar da gari babu kawu babu maƙwabci. Malam ba ya wa'azi, ko aya ɗaya ba ya ja. Abin da ya riƙe shi ne ɗan Bahaushe, ko ya rina gashi ya huda kunne, ba zai iya kai kofi baki a gaban babba ba. Malam ya hango wani Abba, ɗan unguwarsu a Kano, a tsakiyar abokai, da tambulan mai kumfa a gabansa. Ya ja kujera ya zauna daf da shi.

"Abba, ina wuni?"

Wallahi yaron nan sai ga shi a durƙushe a tsakiyar mashaya, Turawa suna kallo. "Lafiya lau, Baba."

"Ina gajiya? Ya karatu? Ya Hajiya, ƙafar tata da sauƙi? Ya Alhaji? Ya kasuwa? Ya Baba Tasalla? Auta an yaye shi?"

Haka ya bi dangin yaron ɗaki-ɗaki, ya gama na uba ya shiga na uwa, har da waɗanda suka rasu, don a yi musu addu'a. Kumfa ta kwanta, abokai suka sulale. Abba ya share gumi ya ce, "Baba, wallahi lemo ne."

"Ma sha Allah! Lemon Malesiya har da kumfa? Ɗan zubo mini in ɗanɗana." Ya miƙa kofinsa.

"A'a, Baba! Ya lalace!"

"To, abin da ya lalace ba a sha. Tashi mu je mamak, shagon mai shayi, ka ci gurasar roti."

Haka yake yi. Ba ya kai dare. Ya ce wanda ya kwana a can, lamarinsa ya wuce gaisuwa. Ba kuma kullum yake cin nasara ba. Wasu suna hango hula su bi ta kicin, wani ma ya taɓa ce masa, "Baba, abeg, free me." Malam ya ce, "Na ji. Ya Hajiya?"

Sai wani mai kishin addini ya ɗauke shi hoto a teburin mashaya, ya watsa. Mai hoton bai gaya mana shi me ya kai shi wurin ba. Lokacin Malam ne ke jan mu salla a ɗan masallacin rukunin gidajenmu. Aka kira taro, Ciyaman ya gyara tabarau.

"Malam, magana biyu ce. Ko ka faɗa mana yaran da kake zuwa dominsu, mu sanar da iyayensu, sunanka ya wanku. Ko ka bar limanci."

Kowa a wurin ya san ma'anar sanar da iyaye: tikitin komawa gida, karatu ya ƙare a aji biyu.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam, "wuraren nan rowar lantarki gare su. Ni kuma idona ba ya gani a duhu."

"Amma kana gane su har ka gaishe su!"

"Gaisuwa nake zuwa, ba kiran suna ba. Kiran suna sai da safe, a aji."

"Malam, mutuncinka fa ake magana!"

"Nawa ya tsufa, zai iya ɗaukar duka. Nasu ne bai yi ƙwari ba."

Ya tashi ya koma sahun baya, kusa da takalma, ya ce dama can fanka ta fi bugawa. Bai sake shiga gaba ba har ya mutu. Matan aure suka daina aiko masa tuwon Juma'a, wasu suka koma amsa sallamarsa da ka. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ce ya faɗi ko suna ɗaya ne, na wanda ya riga ya gama ya tafi. Ya ce, "Furofesa, wanda ya tafi ba shi da uwa?" A daren taron ma, ana idar da Magariba, na ga yana ɗaure kyauro.

"Malam, yau ma?"

"Yau ma fa. An sauke mini limancin Isha'i, lokaci ya ƙaru."

Hawan jini ne ya kayar da shi a aji, alli a hannu. Da saƙon Ciyaman ya fita, sai uzuri ya yi ta zuba a waya: wannan yana da ganawa da sufabaiza, wancan yaro ba lafiya. Na tsaya a harabar masallaci bayan Azahar, ina tunanin ko sahu ɗaya za mu cika wa mutumin da ya ja mu salla shekara da shekaru.

Sai ga su. Daga Subang, daga Kajang, daga unguwannin da ban taɓa takawa ba. Rinannen gashi a ƙarƙashin hular aro, jallabiya da ba ta kai idon sawu ba, wasu har da guntun tabon ɗan kunne. Sunayen da Malam ya hana taro, ga su sun kawo kansu da ƙafafunsu. Abba, wanda yanzu injiniya ne, ya ƙi sakin makara har bakin kabari. Sahu ya cika, aka ƙara, aka kuma ƙarawa, har ladan Bamalaye ya tambaye ni ko wani babban shehi ne ya rasu. Na ce, "E."

Ciyaman ya zo, don kujerarsa ta tilasta masa. Yana waiwayawa ya yi ido huɗu da ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Kai kuma ina ka san shi?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Yaya, gaisuwa na zo."

Ciyaman ya zaro wayarsa. Kafin La'asar saƙon ya ɓace daga zaure, amma mu mun riga mun karanta.

Filas ɗin yana kan teburina. Na saya masa sabon kyauro, na kuma sami mai sayar da citta mai kyau a Jalan Masjid India. Asabar mai zuwa ina Bangsar, da hulata a ka. Mai ɗaukar hoto gara ya caja wayarsa.

Ya Allah, ga bawanka Iliyasu ya zo maka, babu riga babu filas. Ya rufa wa 'ya'yan mutane asiri har nasa ya yage. Ka rufa masa nasa. Ka sanyaya makwancinsa, ka shayar da shi abin da ya fi shayinsa, ka sa mala'iku su tarbe shi da doguwar gaisuwa, irin wadda yake so. Amin.